Pro Stock: Rabin ƙarni ana jayayya kan dokokin tseren motoci a Amurka

Pro Stock rukuni ne na tseren motoci da ƙungiyar NHRA ta Amurka ta ƙirƙiro a 1970. Motoci biyu ne ke tashi tare a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402. A yau sukan cinye wannan tazara cikin daƙiƙa shida da rabi, da gudun da ya haura kilomita 330 a awa. Sharaɗin rukunin shi ne motar ta yi kama da wadda ake sayarwa a kasuwa, kuma injinta ya shaƙi iska da kansa, ba tare da na'urar da ke tura masa ita ba.

Jayayya ta soma tun farko. A 1970 da 1971 motocin Chrysler masu injin Hemi sun mamaye gasar, sai NHRA ta sauya ƙa'idar nauyi a 1972 ta yadda ƙananan injina suka samu rangwame. Bill Jenkins ya ci moriyar hakan da ƙaramar Chevrolet Vega, ɓangaren Chrysler kuwa suka ce an hukunta su ne saboda sun yi nasara. Bayan shekara goma ana gyare-gyare, a 1982 aka kafa doka guda ga kowa: girman inji kada ya wuce kimanin lita 8.2, nauyin mota da direbanta kada ya gaza fam 2,350.

Dokar ta kawo daidaito, amma ta nesanta motocin da na kasuwa. Da yake tazarar da ke tsakanin masu gasa ta koma ƙiftawar ido, mai kuɗin binciken inji ne ke yin gaba, ƙananan ƙungiyoyi kuma suka koma hayar injina daga manya.

A 2016 NHRA ta cire kafireta ta kawo tsarin feshin mai na kwamfuta, ta soke tudun shaƙar iska da ke kan bonet, ta kuma taƙaita juyawar inji zuwa 10,500 a minti. Masu goyon baya sun ce an zamanantar da rukunin. Masu suka suka ce sauyin ya ɗora wa marasa ƙarfi sabon kashe kuɗi. Da Chevrolet Camaro ta cika fagen, a 2018 aka halatta sanya injin wani kamfani a jikin motar wani, sannan a 2019 aka rage gasannin rukunin daga 24 zuwa 18.

Abin da ake ja a kai bai sauya ba: kamanni da motar kasuwa, adalci tsakanin kamfanoni, da sauƙin kuɗi. Duk dokar da ta gyara ɗaya takan taɓa sauran biyun, kuma ita ce ke tantance wanda zai iya ci gaba da shiga gasar.