Taliya Baƙuwa Ce, Amma ta Ina ta Shigo?

Wata mai sauraro ta bugo waya a shirinmu ta ce, "Malam, taliya ai abincin Turawa ce, sunanta ma daga Italiya aka samo shi." Ban musa mata ba. Sai dai maganarta ta tuna mini da wata rumfa a Damazin a 2012, lokacin da kamfanonin ƙasar Sin ke ƙara wa madatsar ruwa ta Rusairis tsawon mita 10. Wani Basine mai dafa wa ma'aikata abinci ya kama curin ƙullun alkama, ya ja, ya ninka, ya sake ja. Zare biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama takwas, bai taɓa wuƙa ko inji ba. Ya jefa cikin romon naman sa, ya miƙo mini. Na tsaya ina duban kwanon, sai ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Halal."

Irin wannan taliya sunanta lamian, wato "taliyar ja". A birnin Lanzhou ta yi suna, a hannun Musulmin ƙabilar Hui, kuma ana danganta romonta da wani mai suna Ma Baozi wanda ya fara sayarwa a 1915. Asalin abin ya fi haka nisa. A 2005 masu tonon tarihi suka sanar da cewa sun samu taliya mai shekara kimanin 4,000 a Lajia, ƙarƙashin wani kwano da ya kife. Suka ce da wasu hatsi dangin gero aka yi ta. Gero fa! Duk Bahaushen da ya ji wannan sai ya gyara zama.

Italiya ta zo daga baya. A 1154 Al-Idrisi ya rubuta cewa ana yin itriyya a tsibirin Sisili ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sunan ya nuna hannun Larabawa a ciki. Kano kuwa ta daɗe tana ciniki da Tarabulus ta Sahara, don haka ba na mamakin 'yar murji, wadda mata ke shanyawa a igiya, a ci da mai da yaji.

Mu namu labarin daban ne. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, da dawa da gero suka zo. Agashe da godogodo muka ba Sudan. Sha'ariyya kuwa a nan muka same ta, ana soya ta a dafa da sukari. Kakata da yatsu biyu take murza tata, ƙwara-ƙwara, a kan faifai, tana sauraron rediyo. Ta fakiti ce ta kashe wannan sana'a, tun kafin yaƙin 2023 ya tarwatsa ƙauyukan Jazira.

Da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disamban 2023, 'yar'uwata ta gudu da yara uku da ɗan buhun fulawa. A inda suka sauka ba kanti, ba wuta. Ta ce mini sai ta ga yatsunta sun tuna, ta zauna ta murza.