Hukuncin tallata filaye da gidaje a Facebook, WhatsApp da TikTok

TAMBAYA

Ni dillalin filaye da gidaje ne. Yanzu yawancin cinikina ta waya yake zuwa: ina saka hotuna da bidiyo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, mai so ya kira ni. Wani lokaci abokan sana'a ne ke turo mini hoton gida in saka, ban san mai gidan ba. Wani lokaci ina ɗora wani abu a kan kuɗin da mai gida ya yanka. Akwai kuma mazauna ƙasashen waje da ke turo kafin alƙalami ba su ga filin ba. Mene ne hukuncin wannan sana'a tawa?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa mai tambaya, asalin wannan aiki halal ne. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 275, kuma ya shar'anta yardar juna a cikinsa a Suratun Nisa'i aya ta 29. Facebook da TikTok hanya ce ta isar da labarin haja, kamar yadda dillalin da yake bi zaure-zaure yana cigiya, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka bi da ita zuwa gare shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na shida a Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta waya da makamantanta, sai dai ta ware ɗaurin aure da canjin kuɗi da cinikin salam saboda sharuɗɗansu na musamman.

Dillanci ma sana'a ce da aka sani tun zamanin Annabi (SAW). A hadisin Ƙais bin Abi Garaza, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, Annabi (SAW) ya tarar da dillalai, ya kira su da sunan 'yan kasuwa, ya umarce su da su riƙa gauraya cinikinsu da sadaka saboda yasasshiyar magana da rantsuwa da suke shiga cikinsa. Bai hana su sana'ar ba. Abin da ya rage shi ne ka san wuraren da ƙafa take zamewa.

Na farko: hoto da bidiyo su faɗi gaskiya

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki, ya ji danshi. Mutumin ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Ka lura, mutumin bai furta ƙarya da bakinsa ba. Jera kayan kawai ya yi ta yadda ido zai yaudaru. Wannan shi ne ainihin abin da kyamara take iya yi.

Share gida kafin a ɗauke shi, ko jiran lokacin da haske ya yi kyau, babu laifi, domin ƙawata haja ce. Haramun shi ne: goge tsagewar bango da manhaja, ɗaukar ɗaki ta kusurwar da zai ninka girmansa, kauce wa kwatar da ta bi ta ƙofar gida ko babbar wayar lantarkin da ta ratsa saman fili, da saka hoton wani gida a madadin wanda ake sayarwa. Haka nan idan gini bai tashi ba, zanen kwamfuta ne kawai, wajibi ne ka rubuta cewa zane ne.

Aibin da ya fi cutar da masu sayen fili a ƙasar nan shi ne wanda rani yake rufewa. Fili yana kan hanyar ruwa, ka ɗauke shi a watan Maris ƙasa a bushe, mai saye ya biya, watan Agusta ya zo ya tarar da tafki. Idan ka san haka, shirunka algus ne. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙba bin Amir cewa bai halatta ga Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abin da ke da aibi ba sai ya bayyana masa. Mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da ciniki idan ya gano tsohon aibi mai girma da aka ɓoye masa. Haka hukuncin yake a kan faɗin awo da nisa: kada ka rubuta ƙafa 50 da 100 alhali bai kai ba, kada ka ce "bakin titi" ga filin da sai an yi tafiyar rabin awa a babur.

Na biyu: ka san mai abin kafin ka tallata

A hadisin Hakim bin Hizam, wanda ma'abota Sunan suka ruwaito, Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Dillalin da mai gida ya wakilta bai shiga wannan hanin ba, domin da izini yake aiki. Amma hoton da ya biyo ta hannun dillalai huɗu ko biyar, babu wanda ya taɓa zama da mai gidan a cikinsu, wannan ba wakilci ba ne. Kana iya saka shi a matsayin labari, kana mai bayyana cewa ba daga hannun mai shi ka samo ba, amma kada ka yanke ciniki, kada ka karɓi ko sisin kwabo, sai ka isa ga mai mallaka ko wakilinsa na gaskiya.

Lamarin ƙasa yana da nauyi a Shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu bin Zaid cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Dillalin da ya kawo mai saye ga filin ƙwace, ko filin da aka riga aka sayar wa wani, yana sane, ya yi taimako a kan zunubi, wanda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana.

Saboda haka ka bincika abu uku kafin ka saka talla. Ɗaya, takardu. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma mayar da mallakar filin da ke da takardar gwamnati zuwa wani suna yana buƙatar amincewarsa. Akwai ofisoshin da ake duba rajistar fili, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Biyu, ka faɗi nau'in filin ƙarara: awon gwamnati ne ko awon igiya, domin farashinsu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne, kuma a awon igiya ka nemi shaidar mai unguwa da maƙwabtan filin. Uku, idan gidan gado ne, ka tabbata an raba, ko dukkan magada sun yarda. Magaji ɗaya ba ya da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa, balle rabon maraya. Ko da rabonsa kaɗai ya sayar kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin da baƙon ya biya su karɓe rabon. Yawancin rigingimun fili da ake kawowa masallaci don sulhu, daga ɗayan ukun nan suke tasowa.

Na uku: la'ada da ɗori a kan farashi

La'ada halal ce idan an san adadinta ko kasonta, an kuma san wanda zai biya, ko ta hanyar yarjejeniya ko ta al'adar garin. Kana iya karɓa daga mai saye, ko mai sayarwa, ko dukkansu, matuƙar babu yaudara.

Ɗori kuwa kashi biyu ne. Idan mai gida ya ce maka ka sayar a kan miliyan ashirin, abin da ya hau naka ne, to Bukhari ya kawo cewa Abdullahi bin Abbas bai ga laifin irin wannan ba, kuma Imam Ahmad ya tafi a kan haka. Jumhurun malamai sun hana, saboda ladan aikin ba sananne ba ne lokacin ƙulla yarjejeniya. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne ku yanka la'ada sananniya tun farko.

Idan kuwa bai ce maka haka ba, ka sayar miliyan ashirin da uku, ka kai masa ashirin, ka ce abin da aka saya ke nan, to ukun nan haƙƙinsa ne, cin su ha'inci ne. Wakili amintacce ne, ribar dukiya kuma ta mai dukiya ce. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinare ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinare, ya kawo akuya da dinaren gaba ɗaya, Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Bai riƙe rarar ba, ko da yake dabararsa ce ta samo ta.

Na huɗu: dabarun jan hankali a kafafen sada zumunta

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Umar cewa Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya taya haja ba don yana son saye ba, sai don ya ingiza wani. A yau najashi ya koma ƙarƙashin hoto: ka sa abokanka su rubuta cewa sun taya kaza an hana su, ko ka buɗe shafi da wani suna kana yabon kanka, ko ka ce fuloti biyu ya rage alhali ashirin ne, ko ka ce wani Alhaji yana hanya da kuɗi alhali babu kowa. Sayen mabiya na bogi don a ɗauka kai babban kamfani ne shi ma yaudara ne. Biyan Facebook kuɗi don tallarka ta isa ga mutane da yawa kuwa halal ne, ijara ce a kan aiki sananne. Haka biyan wani mai mabiya ya tallata maka, da sharaɗin kada ya shaidi abin da bai gani ba.

Ka kiyaye harshenka daga rantsuwa. A hadisin Abu Zarri a Sahihu Muslim, mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Kada ka kushe gidan abokin sana'arka don naka ya shiga, kada ka bi mai sayen da suka riga suka daidaita da wani ta saƙon sirri kana cewa kana da mai rahusa, domin an hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Ka tsarkake bidiyonka daga kiɗan batsa da amfani da surar mata don jan kallo. Gidan da 'yan haya ko iyali suke ciki kuma, kada ka shiga da kyamara sai da izininsu. Suratun Nur aya ta 27 ta wajabta neman izini ga mai shiga shi kaɗai, ina ga wanda zai shigar da idon dubban mutane ɗakin matan aure?

Na biyar: wanda bai ga fili ba, da kafin alƙalami

A mazhabar Imam Malik, sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa ya halatta. Ibn Abi Zaid ya ambaci haka a Risala, ya kuma bayyana cewa a gida da fili da bishiya ana iya biyan kuɗi nan take, saboda ba su saurin canjawa. Idan mai saye ya zo ya tarar da abin yadda aka siffanta, ciniki ya lazimce shi. Idan ya saɓa, yana da zaɓin fasawa ya karɓi kuɗinsa. Don haka bidiyon da ka tura masa shi ne siffar da za a kama ka da ita, a duniya da lahira. Shawarata ita ce ka nemi ya turo wani nasa ya taka filin, ya ga iyakokinsa da takardunsa. Wannan kariya ce gare ku duka.

Kafin alƙalami, idan an yi shi a kan cewa in ciniki ya faɗa yana cikin kuɗi, in ya warware a mayar wa mai shi, babu saɓani a kan halaccinsa. Idan kuwa sharaɗin shi ne in mai saye ya fasa kuɗinsa ya tafi, Imam Malik da jumhur sun hana, Imam Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ma ta halatta a zamanta na 1993 idan an ƙayyade lokacin jira. Duk wanda za ku bi, ku faɗe shi a fili kafin a tura kuɗi. Kuɗin nan amana ne a hannunka, ba ka da ikon juya shi, kuma haramun ne ka karɓi kafin alƙalami daga mutum biyu a kan fili ɗaya. Da zarar an sayar, ka cire tallar ko ka rubuta cewa an sayar.

Idan biya kashi-kashi ne, ya halatta farashinsa ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an tsaya a kan farashi ɗaya lokacin ƙullawa. Ƙara kuɗi saboda mai saye ya makara kuwa riba ce. Kada ku wadatu da saƙon murya na WhatsApp. Ku rubuta, ku kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta shiryar.

Idan a baya ka faɗa cikin ɗayan waɗannan, ka tuba, ka mayar da rarar da ka ɓoye ga masu ita ko magadansu, ka sanar da wanda ka ɓoye wa aibi ka nemi sulhu da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim bin Hizam cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Mutumin da yake turo maka kuɗi, ta yiwu guminsa ne na shekara ashirin, ko giratutinsa, ko gadon marayu. Ka riƙe shi yadda kake so a riƙe naka.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya ciyar da mu halal.

Wallahu a'alam.