Kwamfuta cikin kwamfuta: yadda ake tafiyar da manhajar awo

Jama'a, na'urorin awo da dama, irin na gwajin jini a likita ko na auna ruwan sama, manhajarsu Windows kaɗai ta sani. Wasu ma sai tsohon Windows XP, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun 2014. To, in ɗan'uwa ya aiko da kwamfuta mai Linux ko Mac fa?

Dabarar ita ce a girka VirtualBox, kyauta ake samunsa. Yakan yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kwamfutar ya mai da shi kwamfuta ta biyu, a zuba Windows ciki, sannan manhajar awon.

Wajen wayar USB aka fi tuntuɓe. Sai an shiga saitin VirtualBox an miƙa na'urar ga Windows na ciki, an sa direbanta can, in ba haka ba ba zai gan ta ba. Agogon ciki kuma yakan ɗan zame. Awon da bai kai daƙiƙa ba, mu dai shawararmu a yi shi kan kwamfuta ta zahiri. XP kuwa a raba shi da intanet, ƙwayar cuta ba ta wahalar shigarsa. Mac masu guntun M1, da suka fito a 2020, ba sa ɗaukar XP ta wannan hanya.