Masanin Tarihi da Aikin Adana Shaida: Misali daga Ƙasar Ƙaraye

1.0 Gabatarwa

A watan Mayu na 2019 gwamnatin Jihar Kano ta kafa sababbin masarautu huɗu, wato Bichi da Gaya da Rano da Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta kafa su, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara aka maido da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, tana riƙe da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. A duk tsawon taƙaddamar, kowane ɓangare da tarihi yake kafa hujja. Wannan maƙala za ta duba inda irin wannan hujja take ajiye, da yadda aka yi ta horar da masu tsaronta.

2.0 Inda Shaidar Take

Tarihin ƙasar Ƙaraye ya warwatsu a wuri uku. Na farko shi ne littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. A cikinsa an ambaci Wambai Giwa, wanda ya zauna a Ƙaraye zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, cikin ƙarni na 17, yana yaƙar Katsinawa daga can. To, amma littafin na sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Manomi da maƙeri ba su da babban gurbi a ciki.

Na biyu shi ne takardun mulkin Turawa. Bayan cin Kano a 1903, Razdan da Di'o-Di'o sun riƙa zaga gundumomi suna rubuta rahoton ƙiyasin haraji, inda suke ƙidaya mutane da dabbobi, suna kuma rubuta asalin garuruwa kamar yadda dagatai suka faɗa musu. Fayilolin Lardin Kano suna Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Tun da don haraji aka rubuta su, dole mai nazari ya karanta su da taka-tsantsan.

Na uku, wanda ya fi saurin salwanta, shi ne abin da ke hannun jama'a. A gari irin Tudun Kaya, ɗaya daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, tarihi yana bakin dattawa, da kirarin maroƙa, da takardun Larabci da ajami da ke cikin gafakar malamai, da kufai da tsofaffin rijiyoyi. Gara da ruwan sama da gobara ba sa jiran mai bincike, haka ma ajali.

3.0 Kafuwar Ma'adanai da Horon Ma'aikata

Aikin adana kayan tarihi a hukumance ya soma a 1943, da aka ɗora K. C. Murray a kan binciken kayayyakin da. A 1952 Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos, garin da daga baya ya zama cibiyar horar da ma'aikatan irin waɗannan gidaje. Ta fannin takardu kuwa, binciken da Kenneth Dike ya yi ne ya kai ga kafa ofishin adana takardu a 1954, da dokarsa a 1957. A 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take kula da Gidan Makama a Kano.

Jami'o'i kuma suka ɗauki nasu ɓangaren. Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci, kuma a 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga wannan zamani aka sami manyan ayyuka, kamar littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato (1967), da na Adamu Fika a kan Basasar Kano (1978), da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina (1981).

Sai dai wannan horo ya fi karkata ga samar da mai karanta shaida, ya rubuta kundi, ya koyar a aji. Tattaro shaidar, da tsara ta, da gyaran takardar da ta ruɓe, da baje kaya yadda ɗan firamare zai fahimta, galibi an bar su ga ma'aikatan gwamnati. A Amurka an lura da irin wannan giɓi, shi ya sa a 1976 Robert Kelley ya soma shirin digiri na gaba a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, don shirya masana tarihi su yi aiki a wajen aji: a gidajen tarihi, da ma'adanai, da hukumomi.

4.0 Kammalawa

Jihar Kano ba ta rasa wuraren da ɗalibi zai koyi wannan sana'a ba. Akwai Jami'ar Bayero, da Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Abin da ya kamata shi ne a haɗa su: a wajabta wa ɗalibin digiri na biyu zangon aiki a ma'adana, a koya masa karatun Larabci da ajami, da ɗaukar hira, da ɗaukar hoton takardu ba tare da raba su da masu su ba. Sa'an nan a karɓi tsararren fihirisa na takardun gari guda a matsayin aikin ilimi, daidai da kundi.

Kowa ya san sa'ad da ake jayayya a kan iyakar gona ko gadon sarauta, shaida ake nema. In ba a sami wanda ya naɗi muryar dattijon Tudun Kaya yau ba, gobe rahoton Di'o kaɗai zai rage, kuma da shi za a yanke hukunci.