Tarihin Hular Kwarashi: Kyautar Da Har Yau Sai Da Hannu



Hunturu ya kawo jiki. Hazo ya fara sauka, leɓe ya fara tsagewa, masu shayi sun fara ciniki tun kafin a fito sallar asuba. A irin wannan lokaci ne iyayenmu mata kan buɗe akwati su fito da kayan sanyin bara. Da wuya a rasa wata 'yar hula mai tuntu a cikinsu, wadda ta yi wa mai ita kaɗan tun shekaru da dama amma aka ƙi yar da ita. Idan ka tambaya sai a ce maka, "Ai goggonka ce ta saƙa maka ita da sunanka." Da yawanmu da irin wannan hula aka kai mu rigakafin farko. Yau za mu bi sawunta mu ga inda ta fito, da dalilin da ya sa har yanzu sai da hannu ake yin ta, alhali inji ya karɓe kusan kowace sana'ar zare.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu rabe abubuwa biyu da mukan haɗa mu kira su saƙa. Akwai wadda ake yi da dogayen allurai guda biyu, inda zarge masu yawa ke jere a kan allurar suna jiran a bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ta kwarashi, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya, wanda zarge ɗaya ne ke zama a kansa, sai an gama da shi a wuce na gaba. A ido suna kama da juna, amma tarihinsu ya sha bamban.

Ta allurai biyu ita ce babba. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, hular ulu sana'a ce da ta riƙe garuruwa tun ƙarnoni da suka shuɗe. A shekarar 1571, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisar Ingila ta kafa doka cewa duk wanda ya haura shekara 6, in ban da manyan masu sarauta da wasu da aka keɓe, dole ya sa hular ulu saƙar Ingila ranar Lahadi da ranakun bukukuwa. Wanda ya ƙi, tarar sule 3 da kwabo 4 ce a kansa a kowace rana. An yi dokar ne don a tallafi masu saƙa hula da kasuwarsu ta fara mutuwa, kuma an soke ta a 1597. Tun ma kafin a soke ta, a 1589, wani malamin coci mai suna William Lee, daga ƙauyen Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Labarin da aka gada ya nuna sarauniyar ta ƙi ba shi takardar mallakar fasahar don gudun kada talakawa masu saƙa da hannu su rasa abinci, har ya kwashe injinsa ya koma Faransa. Abin da ake gudun dai bai fasa zuwa ba. A hankali inji ya mamaye wannan nau'i na saƙa.

Shi kuwa kwarashi yaro ne. Sunan ma daga Faransanci ya fito, crochet, ma'ana ƙaramar ƙugiya, ya biyo ta bakin Turawan Ingila ya iso gare mu muka lanƙwasa shi yadda harshenmu zai iya. Makiyayan tumaki a tsaunukan Sikotland sun daɗe suna amfani da wata ƙugiya suna saƙa huluna da safar hannu masu kauri, amma bayanin farko da aka buga na yadda ake wannan saƙa da sunanta na yanzu ya fito ne a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé, a 1823. A 1846 wata gwanar saƙa, Riego de la Branchardière, ta fara fitar da littattafan koyar da ita a Landan. A farko aikin matan masu hali ne, abin rage zaman banza a falo.

Yunwa ce ta fitar da shi daga falo. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa a tsibirin Ailan, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya kuma suka yi hijira. A cikin wannan masifa ne matan coci da wasu masu taimako suka shiga koya wa mata da yara saƙar kwarashi da siririn zaren auduga, suna yin adon wuyan riga da na bakin hannu wanda attajiran Landan da Faris ke saye. A garin Clones, wata mata mai suna Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ita ta kafa sana'ar a 1847. Jarin bai taka kara ya karya ba: allurar ɗinki ake gyara bakinta ya zama ƙugiya a soka ta a ɗan itace, sai zare. Gida guda kan raba aiki, wannan ta yi fure, waccan ta yi ganye, a kai wa wata ta harhaɗa. Da kuɗin ne iyalai da dama suka ci abinci, wasu suka biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka, suka tafi da sana'ar a hannunsu.

To ina batun kyauta ya shigo? Yaƙi ne ya fito da shi fili. A yaƙin Kirimiya, daga 1853 zuwa 1856, Ingila da Faransa sun mara wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya baya a kan Rasha. Sojojin Ingila sun yi sansani kusa da wata ƙaramar tashar jiragen ruwa mai suna Balaklava. Ranar 14 ga Nuwamba, 1854, guguwa ta nutsar da jirage da dama a bakin tashar, ciki har da wani mai suna Prince da ke ɗauke da kayan sanyin sojojin. Hunturu ya same su da kayan bazara. Cuta da sanyi sun kashe sojoji fiye da yadda harsashi ya kashe. Da labarin ya isa gida ta jaridu, sai mata suka duƙufa saƙa safa da mayafan wuya da huluna suna aikawa, akasari saƙar allurai biyu, zuwa ga 'ya'yansu da kuma samarin da ba su taɓa gani ba. Daga baya aka laƙaba sunan wannan tasha ga hular da ke rufe kai da wuya ta bar idanu, irin wadda muke gani a kan 'yan acaɓa da sanyin safiya.

A 1900, shekarar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, Sarauniya Victoria ta haura shekara 80, idonta ya yi rauni. Duk da haka ta ɗauki kwarashi ta saƙa mayafan wuya guda 8 da hannunta, aka raba wa sojojin da ba hafsoshi ba waɗanda suka yi fice a yaƙin da ake yi a Afirka ta Kudu. Ba yabon yaƙin muke ba, domin mu ma mun ɗanɗani irinsa bayan shekara uku, lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. Abin lura shi ne, matar da za ta iya sa a ƙera lambobin zinariya dubu da kalma ɗaya ta ga cewa abin da ya fi su daraja shi ne wanda ta ɓata kwanakinta a kansa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa, daga 1914 zuwa 1918, abin ya zama gayya. Matan Ostireliya kaɗai sun aika safa sama da ƙafa miliyan ɗaya zuwa fagen daga, a lokacin da masana'antu ke cike da injuna.

Mu dawo gida. Kwarashi bai tarar da mu baƙin zare ba. Lokacin da matan Ailan ke fama da yunwa, Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar da garin yana rayuwa a kan saƙa da rini, tufafinsa na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kakanninmu mata suna kaɗi da mazari, maza na kan masaƙa, ga masu ɗinkin hula da allura. Abin da Turawa suka kawo shi ne sabon makami. Ya shigo ta hannun matan mishan da makarantun 'yan mata da aka fara buɗewa a Arewa daga 1930, irin na Kano da Katsina, inda ɗinki da aikin hannu ke cikin darussa. Daga baya cibiyoyin koyar da mata sana'a suka ƙara yaɗa shi, musamman bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987.

Ba abin mamaki ba ne da ya samu gindin zama a cikin gidajenmu. Ba ya buƙatar lantarki ko shago, kuma mace na iya yin sa tana tsakar gidanta. Tunda zarge ɗaya ne a kansa, idan yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafasa sai ta ajiye ta tashi, ta dawo ta ci gaba aikin bai warware ba. Haka hula da safa da rigar sanyi da shawul suka shiga cikin kayan barka. Zaren da muke kira ulu ma yana da nasa labarin. Sunan na gashin tumaki ne, amma mafi yawan wanda ke kasuwanninmu na roba ne, irin wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara haɗawa a 1941. Arharsa da jure wankinsa su suka sa talaka ya iya saye.

Me ya sa inji bai ƙwace wannan ba kamar yadda ya ƙwace ta allurai biyu? Keken saƙa da muke gani a unguwanni yana iya aiki ne domin zarge a jere suke, kowanne da ƙugiyarsa. A kwarashi kuwa, mai saƙa ce ke duba inda za ta soka a jikin abin da ta riga ta saƙa, ta juya hannu, ta ja zaren daidai ƙarfin da ya kamata. Ɗauki hula: daga tsakiyar kai ake farawa da ɗan zobe, a yi ta zagayawa ana ƙara yawan saƙar a kowane zagaye har faifan ya kai faɗin kan mai ita, sannan a daina ƙari a gangara zuwa kunne, a naɗe baki. Akwai injunan da ke kwaikwayon kamanninta, amma ainihin saƙar har yau hannu ke yi. Duk hular kwarashi ta gaske da ka gani, ko a kan jariri ko a tulin gwanjo, wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi ta.

Wannan ne ya sa muke ganin akwai gyara a yadda muke ɗaukar abin. Mukan tsaya gaban mace da ta kwana biyu tana saƙa kayan jariri mu taya ta kuɗin da ko zaren bai mayar ba, muna kafa hujja da arhar na gwanjo. Ƙannenmu da dama ba su taɓa riƙe kwarashi ba, waɗanda suka iya kuma suna tsufa, idanunsu na raguwa. Kuma hular ba ado kawai ba ce. Kan jariri babba ne idan aka gwada da jikinsa, zafi na saurin fita ta nan, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sa wa sabon haihuwa hula, musamman bakwaini da ake ɗora wa a ƙirjin uwa don ya ji ɗumi.

Saboda haka ga ɗan aikin da muke ba kanmu a wannan hunturu. Wanda ke da irin wannan tsohuwar hula a gida, ya tambayi wadda ta saƙa ta da wurin da ta koya, ya rubuta ya ajiye, domin tarihin yadda sana'ar ta ratsa garuruwanmu yana bakin waɗannan iyaye ne. Wadda ta iya ta zaunar da ƙanwa ko 'yar maƙwabta ta koya mata. Wanda zai kai barka ya nemi mai saƙa a unguwarsu, ya biya ta haƙƙinta ba tare da ja-in-ja ba.

Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana zuri'a.