Shari'ar Burim

Shari'ar Burim shari'a ce ta siyasa da aka yi a birnin Busan na Koriya ta Kudu a shekarar 1981, zamanin mulkin Janar Chun Doo-hwan. An kama mutum 22, ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikata, waɗanda ke haɗuwa suna karanta littattafan tarihi da zamantakewa, aka zarge su da goyon bayan kwaminisanci. An haɗa sunan ne daga Busan da Hakrim, wata shari'a irinta da aka yi wa ɗalibai a Seoul a wannan shekarar.

Asali

Chun ya ƙwace ragamar soja a Disamba 1979, sannan sojojinsa suka murƙushe boren Gwangju a Mayu 1980. Gwamnati ta haramta littattafai da dama, ɗalibai kuwa suka koma karanta su a ɓoye cikin ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka hukumomin tsaro suka ɗauki waɗannan ƙungiyoyi a matsayin tushen zanga-zanga.

Kamu da hukunci

An soma kamun a 1981 ba tare da sammacin kotu ba. An tsare wasu har kusan wata biyu, ana gana musu azaba don su amsa laifi. An tuhume su da karya Dokar Tsaron Ƙasa. Daga cikin littattafan da aka kafa hujja da su akwai What Is History? na masanin tarihin Birtaniya E. H. Carr. Kotu ta yanke wa mafi yawansu hukuncin ɗauri.

Ɗaya daga cikin lauyoyinsu shi ne Roh Moo-hyun, wanda a da ya fi shahara a shari'o'in haraji. Tabon dukan da ya gani a jikin matasan ya sa ya koma kare haƙƙin ɗan Adam. Daga baya ya zama shugaban ƙasa daga 2003 zuwa 2008.

Sake shari'a

A Fabrairu 2014 wata kotu a Busan ta wanke mutum biyar da suka nemi a sake duba shari'ar, domin an tilasta musu amsa laifi a tsarewar da ta saɓa wa doka. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Satumban shekarar. Fim ɗin The Attorney na 2013, wanda aka gina a kan shari'ar, ya samu masu kallo sama da miliyan 11.