Yunwar Gwaji a Minisota: Tarihin Ƙayyade Abinci da Ɓarkewar Ci

Tun zamanin da, mutane suna ɗora laifin cin wuce kima a kan haɗama da raunin zuciya. In mutum ya ɗaura niyyar rage abinci, ko likita ya gindaya masa sharaɗi, sa'an nan wata rana ya auka wa kwano bai ɗago ba sai da ya ga ƙarshensa, akan ce ya kasa riƙe kansa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda masana suka sake duban wannan hukunci, tun daga wani gwaji da aka yi a Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu.

A shekarar 1944, yunwa ta riga ta addabi ƙasashen Turai da yaƙi ya ragargaza, amma likitoci ba su da tabbataccen sani game da abin da yunwa ke yi wa jiki, balle yadda za a farfaɗo da wanda ta kayar. Saboda haka Ancel Keys, wani shehun malami na Jami'ar Minisota, wanda aka sani da aikin tsara guzurin sojan Amurka, ya nemi samari da za su yarda a horar da su da yunwa. Aka zaɓi mutum 36 daga cikin waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, bayan an tabbatar da lafiyar jikinsu da ta hankalinsu. Aka ba su masauki a ƙarƙashin filin ƙwallon jami'ar, aka soma aiki a watan Nuwamba na 1944.

An kasa gwajin kashi-kashi. Mako 12 na farko suna cin kimanin kalori 3,200 a yini, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Daga watan Fabrairu na 1945 aka zabge rabin wannan, har tsawon mako 24. Abincin nasu irin na mutanen Turai ne a lokacin yaƙi: dankalin Turawa, da kabeji, da burodi, da makaroni, da waɗansu saiwoyi na ƙasashen sanyi. Bugu da ƙari, tilas kowa ya yi tafiyar mil 22 a ƙasa kowane mako. Nufin shi ne kowannensu ya zubar da rubu'in nauyinsa, kuma haka aka yi.

Hausawa sun ce yunwa kan mai da yaro tsoho. Samarin nan suka rame, bugun zuciyarsu ya ragu, sanyi ya riƙa damunsu ko da bazara, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100. Amma abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne sauyin hali. Mutanen da a da hirarsu siyasa ce da karatu, sai ga shi ba su da zance sai na abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki, waɗansu suka riƙa jan loma ɗaya a baki don kada ta ƙare da wuri, suna lashe faranti. Taunar cingam da shan gahawa suka yi yawa har sai da aka sa musu iyaka.

A nan ne ɓarkewar ci ta bayyana. Ɗaya daga cikinsu ya saci jiki zuwa gari, ya yi ta shan askirim da madara mai zaƙi, kwano bayan kwano. Wani ya kai ga tsintar sauran abinci a kwandon shara. Bayan haka kunya da ƙyamar kai suka lulluɓe su. Dole aka kafa doka cewa kada wanda ya fita sai da abokin rakiya. A ƙarshe an cire mutum huɗu daga lissafi, saura 32. Ya kamata a lura cewa waɗannan mutane ne masu taurin niyya, waɗanda suka jure zargin jama'a saboda aƙidarsu, suka kuma kawo kansu da kansu. Idan irinsu suka kasa, to da wuya a ce raunin zuciya kaɗai ne sanadi.

Lokacin farfaɗowa ya fi kowanne koyar da darasi. Daga ƙarshen watan Yuli na 1945 aka riƙa ƙara musu abinci sannu a hankali har mako 12, amma ƙuncin rai bai gushe nan take ba; a cikin wannan lokaci ne ma wani ya datse yatsunsa uku da gatari. Da aka sakar wa waɗansu mara su ci abin da suke so, sai aka ga mai cin abin da ya haura kalori 10,000 a yini guda, ciki ya cika fal amma rai bai ƙoshi ba. Watanni suka wuce kafin cinsu ya daidaita, kuma kitsen jikinsu ya zarce na farko kafin ya sauko. An buga cikakken sakamakon a 1950, cikin juzu'i biyu mai suna The Biology of Human Starvation. Yaƙi ya riga ya ƙare da shekara biyar, amma littafin ya sami wani amfani da ba a yi tsammani ba.

A 1959 likitan ƙwaƙwalwa Albert Stunkard ya siffanta ɓarkewar ci a tsakanin masu ƙiba: cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, tare da jin cewa linzami ya kuɓuce, sa'an nan nadama. A 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka gwada ɗalibai mata: aka shayar da su madara mai kauri, aka ajiye musu askirim. Waɗanda ba su ƙayyade abinci suka ci kaɗan, domin sun ƙoshi. Masu ƙayyadewa kuwa suka ƙara ci, kamar suna cewa tun da an riga an karya doka, a karya ta gaba ɗaya. A 1979 Gerald Russell na Ingila ya bayyana cutar ci da amayarwa, a 1985 kuma Janet Polivy da Herman suka kafa hujja cewa tsananta ƙayyadewa kan haifar da ɓarkewar. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ɓarkewar ci a matsayin cuta mai zaman kanta.

Gaskiya ne ba kowace ɓarkewa ce ta samo asali daga yunwa ba. Akwai waɗanda baƙin ciki, ko kaɗaici, ko gado ke ingiza su, kuma da dama sun fara tun kafin su taɓa rage abinci. Duk da haka, hanyar magani da Christopher Fairburn ya tsara a Jami'ar Oksfod ta ɗauki darasin Minisota. Matakin farko shi ne ci a kan kari: sau uku a yini, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, kada a bar tazarar da ta wuce sa'a huɗu. Mai fama ya riƙa rubuta abin da ya ci da halin da yake ciki, don ya gane abin da ke tunzura shi. Idan ya zame, kada ya rama da ƙin cin abinci washegari, domin ramuwar ita ce ke shirya ɓarkewa ta gaba.

Wannan ya shafi ma'aikacin da ciwon sukari ko hawan jini ya sa likita ya taƙaita masa abinci, kamar yadda ya shafi ɗalibar da ke neman rage jiki. Wanda lalura ta ɗaure ba shi da ikon watsi da sharaɗin likita, amma yana da haƙƙin ya koma ya faɗi gaskiyar abin da ke faruwa, a gyara masa tsari yadda zai ƙoshi da abin da aka halatta masa. Ɓoyewa saboda kunya ita ke tsawaita wahala. Samarin Minisota sun nuna cewa jikin da aka matsa wa yakan nemi bashinsa har da riba, kuma tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara goma ya fi wanda zai karye cikin mako uku.